Gani Ya Kori Ji? Daga Hannun Maɗori Zuwa Hasken Leza

A Hausa kalmar "ji" aiki biyu take yi: kunne yana ji, hannu ma yana ji. Tarihin gyaran ƙashi kusan duka yana cikin wannan ƴar kalma.

A ƙasar Damagaram, tun kafin zuwan Nasara, wanda ya karye wajen maɗori ake kai shi. Maɗori ba ya ganin ƙashi. Lalube yake da yatsu, ya ji inda ya goce, ya ja, ya daidaita, ya jera kara ya ɗaure. A hannu ko ƙafa sau da yawa ɗorin yakan kama. Amma ƙashin baya daban ne, don a cikinsa laka take, ita ce ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa zuwa gaɓoɓi. In ta tsinke ba ta ɗoruwa. Mutum ya shanye ke nan.

A watan Nuwamba na 1895, lokacin Sarki Ahmadu Kuran Daga na kan gadon Damagaram, wani Bajamushe, Wilhelm Röntgen, ya gano hasken da ke ratsa nama ya nuna ƙashi. Hoton hannun matarsa, har da zobenta, ya zaga duniya. Shekara huɗu bayan haka, a 1899, Faransawa suka ci Zinder, kuma ta hanyarsu likitancin Turawa ya shigo mana. Shi ya sa mu a nan muke cewa "a yi radiyo", ƴan'uwanmu na Kano kuwa su ce "a ɗauki hoto".

Ganin nan bai zo kyauta ba. Clarence Dally, mai taimaka wa Thomas Edison a Amurka, ya yi ta sa hannu cikin hasken har ciwon daji ya kama shi, aka yanke masa hannuwa biyu, ya mutu a 1904. Daga irin wannan asara aka koyi auna hasken da sa rigar dalma. A 1971, a Landan, aka fara gwada na'urar Godfrey Hounsfield a kan majiyyaci, wadda muke kira sikanar. Ita tana nuna jiki yanka-yanka, har lokotoro ya san faɗin ramin da laka take ciki tun bai taɓa wuƙa ba.

To, sai leza. Theodore Maiman ne ya kunna ta farko a 1960 a Kaliforniya, nan da nan masu fiɗa suka yi kwaɗayinta. Sai dai lezar farko da aka gwada a ƙashi ƙona shi take, ya yi baƙi kamar gawayi, ya daɗe bai warke ba. Binciken Eriksson da Albrektsson na 1983 a Suwidin ya nuna zafin digiri 47 na minti ɗaya ya isa ya lalata ƙashi. Mafita ta zo da lezar Er:YAG, wadda ruwan cikin ƙashi ke shanye haskenta, ya tafasa farat ɗaya ya ɓalle ɗan ƙwarya-ƙwaryan ƙashi, ana fesa ruwa don sanyaya wurin. A 2019, a asibitin jami'ar Basel ta Suwizalan, wani mutum-mutumi mai suna CARLO ya yanka ƙashin muƙamuƙin sama na majiyyaci da leza.

Me ya sa ake ɗari-ɗari da ita kusa da laka? Saboda leza ba ta da ji. Lokotoro mai aiki da zarto ko abin huda, hannunsa na gaya masa in ƙashi ya kusa ƙarewa, sai ya sassauta. Haske kuwa ba ya taɓa komai. In ƙashi ya ƙare, wucewa zai yi kan tantanin da ya lulluɓe laka. Hoton sikanar na jiya ma bai isa ba, tunda majiyyaci na numfashi, ƙashin na motsi. Don haka masu bincike suke haɗa leza da wata na'urar hoto da aka ƙirƙiro a 1991, OCT, mai leƙa milimita ɗaya zuwa biyu ƙarƙashin wurin yanka. Wasu kuma makirufo suke sawa, don ƙarar da leza ke yi a kan ƙashi ta bambanta da wadda take yi a kan nama. Kun gani, bayan shekara ɗari da ƴan kai, an koma ga ji.

Mu a Gafati ba leza ce damuwarmu ta yau ba. Namu shi ne wanda kabu-kabu ya kayar, ko wanda ya faɗa rijiya, yana kukan baya ko wuya, ƙafafu sun yi sanyi. Kada a zaunar da shi, kada a ja shi, kada a goya shi a babur. A kwantar da shi miƙe bisa katako ko ƙyauren ɗaki, mutum ɗaya ya riƙe kai, a kai shi babban asibitin Zinder a yi hoto. Maɗori na da gwanintarsa, amma in injin Basel ma ba a yarda ya kusanci laka a makance ba, yatsu kaɗai ba su isa ba.