TARIHIN MALAMAN GONA A ƘASARMU

A wannan fitowa za mu waiwayi yadda ilimin noma ya riƙa fitowa daga makarantu yana zuwa gonakinmu, da abin da ya zauna, da abin da ya wuce.

Bayan samun mulkin kai, a shekara ta 1962, gwamnati ta kafa UNCC don sha'anin bashi da ƙungiyoyin manoma. A wannan zamani ne aka soma animasiyo, ana zaɓen mutane daga ƙauyuka a yi musu horo su komo su faɗakar da jama'a, ana kuma taruwa da dare a saurari rediyo-kulob. Amma hankalin hukuma ya fi karkata ga gujiya, don ita ke kawo kuɗin ƙasa. Da farin 1973 ya zo, sai aka ga rumbun hatsi shi ne gaba da kome.

A 1975 aka kafa INRAN, ta karɓi tashar bincike ta Tarna kusa da Maraɗi, inda ake gyara iri mai saurin nuna kamar HKP. Kuma babban furoje na Maraɗi ya buɗe wuraren horo, ana ɗaukar saurayi da matarsa su yi damana guda suna koyo, su komo da shanun huɗa da garma a kan bashi. Wasu sun amfana. Da yawa kuwa, da ruwa ya ƙi a 1984, shanu suka mutu ko aka sayar, bashi ya tsaya.

Cikin wannan wahala ne wani abu ya kama. Tony Rinaudo, mutumin Ostareliya da ke aiki Maraɗi, ya lura a 1983 cewa kututturan da muke sarewa kowace shekara suna da rai. Aka nuna ma manoma su bar tsiro biyu ko uku su girma. Shi ne sassaben zamani. Ba bashi, ba inji, maƙwabci ya gani ga maƙwabci, har ya kai kadada wajen miliyan 5 a Nijar.

Jami'o'i ma sun shigo. Ta Yamai ta tsaya a 1973 tana horar da injiniyoyin noma. Ta Maraɗi, mai sunan Ɗan Dikko Ɗankulodo, an kafa ta a 2010, da sashen noma a cikinta. Tun 2007 jami'ar Purdue ta Amurka ta haɗa kai da masanan Maraɗi, irin su Malam Ibrahim Baoua, don yaɗa buhun PICS mai riɓi uku: leda biyu a ciki, buhu ɗaya a waje. In an ɗaure shi tam, ƙwaron wake ya rasa iska ya mutu, ba a sa magani ko kaɗan. Ga yadda suka koyar: a cika buhu a dandali gaban kowa, a ajiye shi wata huɗu ko fiye, sannan a tara gari a kwance. Wake ya fito fes. Wa zai yi gardama?

Haka aka yi da murzuna mai cin zangarniyar hatsi. Ana rataye ƴan jikkuna masu ɗauke da wani ɗan ƙwaro mai kama da zanzaro, shi fita shi kashe tsutsar cikin gonaki.

To, jama'a, abin da aka ɗora mana da umurni da bashi bai daɗe ba. Wanda aka nuna mana a gona, mai araha, shi ya zauna. Gani ya kori ji.

Don haka muna roƙon masu aiko kuɗin gida su sa buhun PICS cikin saƙon kaka, kada iyaye su zubar da wake da arha don tsoron ƙwari. Yaranmu da ke karatun noma kuma, in an yi hutu, su zo su kama hauya tare da mu a gona guda ta gwaji. Dattawa za su ba da wurin.

Allah shi ba mu damana mai albarka, amin.