Gyaɗar walnot: Da me ta fi sauran ƙwayoyi, kuma a ina suka fi ta?

Walnot, wadda Larabawa ke kira jauz ko ainul jamal, ƙwaya ce mai ɓawo mai tauri, cikinta kuma yana kama da ƙwaƙwalwar ɗan Adam. China ce ke kan gaba wajen noma ta, yayin da kusan dukkan wadda Amurka ke samarwa ke fitowa daga jihar Kalifoniya. Tsadarta a kasuwa ta sa mutane da dama ke ɗaukar cewa ta fi takwarorinta ta kowace fuska, amma alƙaluma ba su nuna haka ba.

Inda ta yi zarra

Fifikon walnot yana cikin man da take ɗauke da shi. Giram 28, wato kimanin cikin tafin hannu guda, na ƙunshe da giram 2.5 na sinadarin ALA, nau'in omega-3 da ake samu daga tsirrai, wanda jiki ba ya iya haɗa shi da kansa. Wannan ya zarce buƙatar yini guda, wadda aka ƙiyasta a giram 1.6 ga namiji da 1.1 ga mace. Gyaɗa da yazawa da almon kusan ba su da shi.

A shekarar 2004 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince a riƙa bayyana cewa cin kimanin giram 42 a kullum na iya rage haɗarin ciwon zuciya, muddin ba a ƙara yawan kalorin da ake ci ba. Sai dai ta ce hujjojin ba su kai na yanke hukunci ba.

Inda aka fi ta

A giram 28 ɗin, walnot na da furotin kimanin giram 4, almon 6, gyaɗa kuwa 7. Almon ya fi ta harza da bitamin E, riɗin da ba a cire wa ɓawo ba ya ninka ta sau da yawa a kalsiyam. Ko a fannin ALA, ƙwayar chiya na da kusan ninki biyu nata. Haka kuma kalorinta ya kai 185, sama da na gyaɗa da ke kusan 160.

Abin lura

Kaɗan ne daga ALA jiki ke juyawa zuwa irin omega-3 na kifi, don haka walnot ba ta maye gurbin sadin da makamantansa. Manta na saurin lalacewa a zafi, shi ya sa ake adana ta a firiji. Wanda jikinsa ba ya karɓar irin waɗannan ƙwayoyi kuwa ya guje ta baki ɗaya.

Ga mai hali, cikin tafin hannu guda a rana ya wadatar. Wanda ba shi da shi, gyaɗa da riɗi da kifi za su biya masa mafi yawan buƙatar a farashi mai sauƙi.