Daga Sullamu zuwa babi na biyu

Duk yaron da ya yi makarantar ilimi a Birnin Kebbi ya san Ahalari, littafin tsarki da salla. Kaɗan ne suka san cewa mai littafin, Abdurrahman al-Ahdari, malamin Aljeriya na ƙarni na 16, yana da wani ɗan littafi na waƙe kan manɗiƙi mai suna Sullamu. Ta nan Aristo ya shigo zaurukanmu da rawani a kansa, domin Sullamu a kan Isaguji na Abhari aka gina shi, Isaguji kuma gadon almajiran Aristo ne. Mu da muka durƙusa gaban malamai a Badariya ba a taɓa ce mana falsafa muke karantawa ba. Da an faɗa, da wasu iyayen sun janye 'ya'yansu.

Wannan tsoro tsoho ne. Suyuɗi a Masar ya haramta manɗiƙi, Magili kuwa, wanda ya zauna Kano zamanin Muhammadu Rumfa, ya mayar masa da martani a waƙe. Al-Ahdari da kansa ya kawo saɓanin, ya zaɓi cewa ya halatta ga mai kaifin basira da ya riƙe Alƙur'ani da Sunna. A kan wannan sharaɗi fannin ya rayu a ƙasar nan, kullum a inuwar tauhidi. Littattafan Sanusi na Tilimsan, musamman Ummul Barahina, da hukuncin hankali suke buɗewa: wajibi, mustahili, ja'izi. Abdullahin Gwandu ya faɗa a Ida'un Nusuhi, inda ya jera malamansa, cewa wajen yayansa Shehu Usmanu ya ɗauki littattafan Sanusi. Shehun nan kuma shi ya tsawata wa masu kafirta talakawa don sun kasa jero hujjojin tauhidi. Ya san makamin, ya kuma san ɓarnarsa a hannun mai rawar kai.

Wanda ya fi nisa a gidan shi ne jikan Shehu, Abdulƙadir ɗan Mustafa, Ɗan Tafa, ɗan Nana Khadija, da aka haifa a 1804 ya rasu a 1864. Ya yi karatu wajen kawunsa Muhammadu Sambo, ya zauna Salame, ya bi hanyar Ibnu Arabi wajen rubutu kan samuwa da matakan halitta. Heinrich Barth ya gana da shi a 1853 ya yaba zurfin iliminsa, a tafiyar da ta kawo shi Gwandu inda ya samu kwafin Tarihus Sudan. Yau malaman jami'o'in Amurka, irin su Oludamini Ogunnaike, suna nazarin Ɗan Tafa a matsayin masanin falsafa. A nan gida galibi da littafinsa na tarihi, Raudatul Afkari, aka san shi.

Abin da zaure ya mallaka shi ne dabarar cin littafi mai tauri. Ɗalibi ya ja baƙi, malam ya fassara kalma-kalma, ɗalibi na cewa na'am. Baiti biyu ko uku sun isa ƙarin yini. In matani ya cije a ɗauko sharhi, in sharhi ya cije a ɗauko hashiya, kuma ba a tsallake shafi har a sauke. Ranar da muka shiga babin ƙiyasi, malaminmu ya ajiye misalan Larabawa ya ce: kowane kifi a ruwa yake, giwan ruwa kifi ne, to ina yake? Muka ce a ruwa. Sai ya ce kada ma a ruwa yake, ashe shi ma kifi ne? Wani ya ce, "Allah gafarta Malam, haka lissafin ya nuna." Malam ya ce to ya je Matan Fada ya kamo shi da homa. Sai da aka gama dariya ya nuna mana inda muƙaddimar ta gurgunce. Har yau da wannan kadan nake gwada hujjar 'yan siyasa.

Falsafar Turai ta wata hanya ta iso mana, ta Zariya. A shekarun 1970 da 1980 'yan Kabi da suka je Jami'ar Ahmadu Bello sun tarar da Bala Usman da abokansa suna karantar da tarihi da idon Markis, ana karɓa-karɓar littattafan Fanon da Walter Rodney har bangonsu ya tsage. Gwamnatin soja ta ɗauki abin da zafi, har ta kori ɗaya daga cikinsu, Patrick Wilmot, daga ƙasar a 1988. Ko me za a ce kan waɗannan mutane, sun karanta abin da suke ambato, kuma sun gwada shi a kan haraji da sarauta da kasuwar gyaɗa.

Abin da ya biyo baya ne ya rame. Furoid ya shigo kwalejojin horon malamai, irin ta Adamu Augie a Argungu, cikin darasin halayyar ɗan Adam, a 'yan layuka na haddar jarrabawa. A sassan Hausa da Turanci kuwa aka wajabta wa kowane kundin digiri ra'i. Ɗalibi ya ɗauko ra'in Markisanci ko na Furoid ya dasa a babi na biyu, sannan ya nazarci waƙar Sani Aliyu Ɗandawo kamar ra'in bai taɓa zuwa duniya ba. Ban ga laifin yaran sosai ba. An ba su natija babu muƙaddima, abin da ko almajirin Sullamu ba zai karɓa ba. Littafin Furoid kan mafarki na 1900 ma, da an buɗe shi a ƙasar da ake sayar da fassarar mafarkin Ibnu Sirina a kowace kasuwa, ai da an sha gardama mai daɗi.

Wani zango na gwada wa ɗalibaina salon zaure da littafin Fanon na 1952, shafi biyu a zama, ɗaya na karantawa saura na tare shi. A nan suka gano cewa Fanon, likitan ƙwaƙwalwa ne shi ma, ya musa cewa kishin ɗa da ubansa a kan uwa, ginshiƙin ra'in Furoid, ya game kowace al'umma. Takardun da aka saba raba musu sun jera mutanen biyu kamar bakinsu ɗaya. Sai wata ɗaliba 'yar Argungu ta ce, "Malam, to mu da uwa ke kunyar ɗan fari, ba ta ko kiran sunansa, ana yaye shi a kai shi riƙo gidan kaka ko goggo, da wa zai yi kishin?" A kan riƙo da kunyar ɗan fari ta rubuta kundinta, ta sa Furoid a babi na biyu, ta yi jayayya da shi har babi na biyar.