Daga Sawun Maharbi Zuwa Zoben Ƙafa: Tarihin Ƙidayar Tsuntsaye da Namun Daji a Arewacin Zazzau da Maƙwabtanta

A ƙasar Paki da Ikara da Maƙarfi da Kudan, watau arewacin Zazzau inda ta yi iyaka da Kano, babu manomin da za a koya wa ma'anar zuwan shamuwa. In ta sauka bisa kuka ko tsamiyar cikin gari ta fara tara kiraren sheƙa, kowa ya san damina ta gabato, sai a fito da iri, a kai fartanya maƙera. Amma in an tambaya, shin shamuwar bana ta kai ta bara yawa, ko kuwa ta kai ta shekara 30 da suka wuce, to, nan fa sai gardama ta tashi, don ba wanda ya ƙidaya, balle ya rubuta. Sanin halin dabba dabam, sanin yawanta dabam. Na farko tsohon abu ne a ƙasar Hausa, na biyu kuwa baƙo ne, ga shi kuma shi ne a ke dogara da shi yau wajen kiyaye abin da ya saura a dawa. Wannan takarda za ta bi tarihin yadda ya shigo, da abin da ya nuna.

Sanin mutanen dā

Tun kafin zuwan Turawa akwai masana dabbobi a ƙasar nan, su ne maharba, da shugabansu Sarkin Baka. Maharbi ya kan dubi sawu ya faɗi irin naman da ya wuce, da girmansa, da lokacin da ya wuce. Ya san mashaya da makwanci. Ya san halin burtu har ya kan ɗaura kan burtu a goshinsa ya yi ta rarrafe, barewa na ganinsa ba ta razana. Wannan sani ya shiga harshe ya zauna. Wanda ya buɗe ƙamus ɗin Bargery na 1934 zai tarad da sunayen tsuntsaye jingim: gauraka, zalɓe, balbela, carki, cilakowa, fakara, hasbiya, ɗinya, kirinjijiya, jimina, da sauransu. Mutane ba su raɗa wa abu suna sai sun dube shi da kyau sun bambanta shi da ɗan'uwansa.

Sai dai sanin maharbi a ka ya ke, kuma don kamu a ke yinsa. Ba shi da ma'aunin da zai ce masa dawa ta fara ƙarewa, sai dai ya ga tafiyar da ya ke yi kafin ya sami nama tana ƙara nisa. A ƙarni na 19 ayari ya yi ta ɗaukar hauren giwa da gashin jimina daga Kano zuwa Tarabulus. Wajen 1890 kuma annobar bushiya ta ratsa ƙasar, ta kashe shanu, ta haɗa da ɓauna da waɗansu namun daji. An san an yi hasara, amma ba a san iyakarta ba, domin ba a san abin da a ke da shi tun farko ba.

Doka da gandun daji

Da Turawa suka zo, da doka suka fara. A 1916 aka kafa dokar kiyaye namun daji ta Nijeriya, a 1963 kuma Gwamnatin Jihar Arewa ta yi tata. Dokokin nan sun jera dabbobin da aka hana kashewa, sun kuma ƙayyade abin da mai lasin zai harba. Watau lissafin matattu a ke yi, masu rai kuwa ba a san adadinsu ba. Sa'an nan aka shiga keɓe daji. An keɓe Yankari a Lardin Bauci a 1956, aka buɗe ta ga masu kallo a 1962. Gabas da Ikara, cikin ƙasar Kano, an keɓe dajin Kogin Kano a shekarun 1940 don itatuwansa, a shekarun 1960 aka mai da shi gandun namun daji, shi ne a ke kira Falgore. Shi ne gandun da ya fi kusa da mutanen Paki. Ƙasarsu ita kanta kuwa ƙasar noma ce, tudu dawa da masara, fadama rake da tumatir, ba a keɓe ta don namun daji ba. Saboda haka abin da ya rage mata na dawa yawancinsa tsuntsaye ne, kuma ta kan tsuntsaye ne ƙidaya ta gaskiya ta fara a Zazzau.

Zobe a ƙafa

Asalin al'amarin daga Turai ne. A 1822 aka harbo wata farar shamuwar Turai a arewacin Jamus, da mashin Afirka soke a wuyanta, ta yi tafiyar nan duka da shi. Wannan ya tabbatar wa masana cewa tsuntsayensu Afirka su ke zuwa in sanyi ya shigo. A 1899 wani malamin makaranta a Denmak, Hans Christian Mortensen, ya fara saka wa tsuntsaye zoben goran ruwa a ƙafa, mai lamba da adireshi, don duk wanda ya tsinci tsuntsun ya aiko da labari. Dabarar ba ta da wuya: a kafa raga mai siririn zare, a kama tsuntsu, a auna nauyinsa da tsawon fiffikensa, a sa zobe, a rubuta, a sake shi.

A Arewa, Robert Sharland, wanda ya daɗe zaune a Kano, ya yi shekaru yana wannan aiki, musamman kan ɗan tsuntsun nan mai rawayan ciki, mai kaɗa wutsiya, wanda ke bin ƙafar shanu da rani. An tsinci waɗansu masu zoben Nijeriya a ƙasashen Turai. Da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, sai wani malamin ilmin dabbobi, Hilary Fry, ya zo Zariya. A 1964 shi da Sharland da Farfesa John Elgood na Ibadan da waɗansu suka kafa ƙungiyar masu nazarin tsuntsaye ta Nijeriya, da mujallarta, wadda a 1979 ta koma Malimbus, ƙungiyar kuma ta game Afirka ta Yamma duka.

Fry ya rubuta jerin tsuntsayen Zariya, amma aikinsa da ya fi shahara shi ne kan koren tsuntsun nan mai jan maƙogwaro, mai cin ƙudan zuma, wanda ke haƙa ramuka a gaɓar rafi da bangon kwazazzabo. Tsuntsun ya kan haƙa raminsa a ƙarshen damina sa'ad da ƙasa ke da taushi, ya yi ƙwai cikin rani. Da Fry ya yi wa kowane ɗaya alama ta dabam, ya yi ta bin su shekara da shekara, sai ya ga a ramuka da yawa ba uwa da uba kaɗai ke kai abinci ba, akwai na uku, wani lokaci har na huɗu, masu taya su reno. Duk wanda ya yi kiwo a bakin rafi ya ga tsuntsayen nan, amma ido bai iya raba wannan da wancan, sai alama. Binciken, wanda aka buga a 1972, yana cikin na farko-farko da suka nuna taya reno ya yawaita ga tsuntsayen ƙasashe masu zafi.

A 1967 da 1968 Fry da abokansa suka yi zango a Malam Fatori, bakin Tafkin Cadi, suna auna ƙananan tsuntsayen Turai da bazara. Suka tarar tsuntsu ya kan tara kitse har nauyinsa ya kusa ninkawa kafin ya tasam ma Sahara. Kitsen nan shi ne guzurinsa, kuma a ƙasar nan ya ke samunsa.

Abin da maimaici ya nuna

Amfanin ƙidaya bai fitowa sai an maimaita ta a wuri ɗaya, ta hanya ɗaya, shekaru a jere. A Ingila an fara ƙidayar tsuntsayen gonaki kowace shekara tun 1962. Da bazarar 1969 sai masu ƙidaya suka ga wani ɗan tsuntsu mai farin maƙogwaro, wanda ke cin rani a kudancin Sahara, fiye da kashi 2 cikin 3 nasa bai komo ba. Aka bi diddigi, sai aka ga ƙarancin ruwan sama na 1968 a ƙasashen bakin hamada ne sanadi. Farin nan ne ya ci gaba har ya kai ga yunwar 1973, wadda dattawan Arewa ba su manta ba. Ashe littafin mai ƙidayar tsuntsu a Ingila ya nuna alamar masifar tun duniya ba ta farga ba.

Misali na biyu ya fi kusa da gida. Kogin Kano, wanda ya ratsa Falgore, shi ne aka tare a Tiga a 1974, aka kuma tare Calawa a 1992. Ruwan nan dā shi ke malala a fadamun Haɗejiya da Nguru, inda agwagin ruwa na Turai da na gida ke taruwa dubbai da rani. A 1987 aka kafa shirin kiyaye fadamun, aka riƙa ƙidayar tsuntsayen ruwa a watan Janairu, daidai da ƙidayar duniya wadda aka fara a 1967. Lissafin ya nuna yawan tsuntsaye yana bin faɗin malalar ruwa, shekarar da ambaliya ta yi ƙaranci su ma su ragu. Malalar nan kuwa ita ce abincin masunci da mai shinkafa da makiyayi. Da irin wannan hujja aka nemi a riƙa sakin ruwa daga madatsun, a 2000 kuma aka sa tafkin Nguru cikin jerin fadamu masu daraja na yarjejeniyar Ramsar, shi ne na farko a Nijeriya.

Ungulu da raƙumin dawa

Dabbobi biyu sun isa su nuna bambancin abin da aka ƙidaya da wanda aka ƙyale. Raƙumin dawa na Afirka ta Yamma, wanda dā ya bazu daga Sanagal har Tafkin Cadi, a 1996 saura 49 kacal, duk a wajen Kure kusa da Yamai. Da ya ke zanen jikin kowane ɗaya dabam ya ke, sai aka ɗauki hoton kowa, aka buɗe masa shafi, a ke ƙidaya kowace damina, mutanen ƙauyukan kuma suka shiga aikin tsaro da ja-gorar baƙi. Kafin shekara 25 sun haura 600. A 2018 aka ɗauki 8 aka kai Gadabeji a jihar Maraɗi, inda suka daɗe da ƙarewa.

Ungulu kuwa ba wanda ya damu da ita, don ta yi yawa. Hausawa sun ce ungulu ba ta jewar banza, sun kuma san ta a kowace mahauta da kowace kasuwa. A farkon shekarun 1970 Peter Mundy ya yi nazarinta a Sakkwato, ya same ta birjik. Wani Bafaranshe, Jean-Marc Thiollay, ya ƙidaya tsuntsaye masu farauta daga cikin mota a hanyoyin Mali da Burkina Faso da Nijar tsakanin 1969 da 1973, ya sake bin hanyoyin nan a 2003 da 2004. Ya tarar manyan ungulaye sun kusa ƙarewa ƙaf in ba cikin gandun daji ba, ƙaramar ta gari ma ta ragu ƙwarai. A 2015 aka sa ta cikin jerin halittun da ke bakin ƙarewa a duniya. Sanadin ya haɗa da kamunta don sayar wa masu magani da tsafi, da guba, da sare dogayen itatuwan da ta ke sheƙa a kai. Mushen da ta ke kwashewa a wuni guda yanzu sai ya kwana yana ruɓa, karnuka da ƙudaje su gaje shi. Da a ce tun shekarun 1960 wani ya riƙa ƙidaya ungulun kasuwar Maƙarfi sau ɗaya a shekara, da an ga raguwar tun tana da magani mai sauƙi.

Abin da ya rage a yi

Aikin da dā ya ke hannun baƙi yanzu ya komo hannun 'yan ƙasa. A 2001 aka kafa cibiyar binciken tsuntsaye ta A. P. Leventis ƙarƙashin Jami'ar Jos, a dajin Amurum, ta horar da ɗalibai da yawa daga Nijeriya da maƙwabta. A 2015 ta fara aikin taswirar tsuntsayen Nijeriya. An yanka ƙasar gida-gida, kowane gida wajen kilomita 9 tsawo da faɗi, mai sa kai ya shiga gida ɗaya ya yi aƙalla awa 2 yana rubuta duk irin tsuntsun da ya gani ko ya ji, ya aika ta wayar hannu. Fadamun rake na Maƙarfi da Kudan da gonakin Paki duk suna cikin gidajen nan, kuma ba a bukatar digiri kafin a shiga.

Amma taswirar daga 2015 ta fara. Abin da ya gabaci haka a ƙauyukan nan yana bakin tsofaffin maharba da makiyaya da manoma, waɗanda za su iya faɗin fadamar da gauraka ke sauka dā, da shekarar da aka daina jin kukan kura a bayan gari, da itacen da ungulu ke kwana. A nan ne aikin ya shafi masu nazarin Hausa. Masanin tsuntsu ya san sunan Latin, tsoho ya san na Hausa, kuma suna ɗaya ya kan nufi tsuntsu dabam daga gari zuwa gari, har ƙamus ma bai warware duka ba. Sai an zauna da dattijo da hoto a hannu, an daidaita suna da tsuntsu, an ɗaure labarinsa da wani abin da a ke da shekararsa, kamar zamanin wani hakimi ko yunwar 1973, sa'an nan maganarsa za ta zama hujjar da mai ƙidaya zai ɗora lissafinsa a kai. Ɗalibin da za a aika Paki ya tattara karin magana, in an ƙara masa wannan tambaya cikin takardarsa, ba a ƙara masa nauyi mai yawa ba. Waɗanda suka yi farauta a shekarun 1960 kuwa yanzu sun haura 75, saboda haka aikin ba na jinkiri ba ne.