Daga Balma zuwa Magarya: halin da hanyar ayarin gishiri take ciki a yau

A ƙarshen watan Disamba, lokacin da hunturu ya kankama, wanda ya yi sammako ya ratsa gonakin da ke tsakanin Magarya da Dungas yana iya cin karo da raƙuma a gurfane cikin karan gero, an dabaibaye su, ga kantukan gishiri jingine a gindin gawo an rufe da tabarmar kaba. Masu su sun ja rawani har kan hanci, suna fifita gawayin shayi. Da ƙafa suka zo, suna jan akala. Gishirin nan daga Balma ya fito, kuma kafin ya iso wannan gona ya ci tafiyar da ta ɗara kilomita 1,000. Hanyoyin ƙafa masu irin wannan tsawo da har yanzu ake bi domin neman abinci ba su da yawa a duniya.

Idan aka tambayi ko hanyar tana biyuwa yanzu, hankalin mutane kan tafi can Tenere, wajen yashi da ƙishirwa. Ni kuwa a ganina a kudu ake buɗe ta, a kudu ake rufe ta. Rairayi bai canza hali ba tun zamanin kakanni. Abin da ya canza shi ne gonar da raƙumi zai kwana a cikinta, da ciyawar da zai ci, da takardar da za a nema a hannun mai shi.

Tafiyar ayari kewaye ce mai kusurwa uku, kuma da watannin shekara take tafiya. Abzinawa, musamman Kel Ewey na wajen Timiya da Kel Geres na kudu maso yamma, suna tashi a watan Oktoba, bayan raƙuma sun ƙoshi da ciyawar damina, zafi kuma ya sauka. Suna ɗauke da gero, da busasshen nama, da cuku, da dammunan ciyawa masu yawa, domin tsakanin Abzin da Balma babu abin da dabba za ta tsinka. A kan hanya sukan ajiye wani kaso na ciyawar saboda dawowa. Masu bin ta arewa sukan sha ruwa a rijiyar Ashegur, masu bin ta kudu kuma su bi ta rijiyar da ke gurbin itaciyar Tenere, wadda wata babbar mota ta kayar a 1973, su faɗa Fashi, sannan Balma. Daga Agadas zuwa Balma kusan kilomita 600 ne. Ana tafe tun hantsi har dare ya raba, ba a tsayawa. Shayi ma a tafe ake dafa shi. A ramukan Kalala ake sayen kantu, wato gishirin dabbobi da ake zubawa a mazubi ya daskare, mai nauyin kilo 20 ko fiye, da beza na miya, a haɗa da dabino. Zuwa da dawowa wata guda ne ko ya ɗan ɗara. Daga nan sai a huta, a gangaro ƙasar Hausa, a yi rani a cikinta, a koma gida da gero kafin ruwa ya sauka.

Wannan kusurwa ta uku ita ce marubutan Turai masu sha'awar hamada ba su cika waiwaya ba, alhali ita ke riƙe da sauran biyun. Masanin nan Bajamushe Gerd Spittler, wanda ya zauna da Kel Ewey shekaru, ya nuna cewa saukowa kudu kiwo ce kamar yadda take fatauci: duwatsun Abzin ba za su iya ciyar da raƙuman a rani ba. Ke nan ko da gishiri bai kawo riba mai yawa ba, dole raƙumi ya zo Hausa. Mutanen Balma da Fashi kuwa gero ba ya yi a ƙasarsu, da na Damargu da Damagaram suke tuwo. Masana Paul Lovejoy da Stephen Baier sun bi diddigin wannan cuɗe-ni-in-cuɗe-ka a tarihi, kuma duk wanda ya san unguwar Zango a Damagaram ya san cewa masaukin fatake ne ya zama gari.

Magarya da Dungas ba baƙin wannan harka ba ne. Dungas da Washa tsoffin ƙasashen Sosebaki ne da Damagaram ta haɗiye a ƙarni na 19, Magarya kuma reshe ce ta gidan sarautar Daura da ya watse bayan jihadi. Ta nan ayari ke wucewa Kano. Wani abin lura ma, ita kanta iyakar da ta raba su da 'yan uwansu na Baure da Maigatari batun rijiya ne ya gyara ta: yarjejeniyar 1898 ta tura Faransawa cikin ƙasa marar ruwa, suka yi ta ƙorafi har Ingila ta sassauta a 1904, domin su sami hanya mai rijiyoyi daga kogin Kwara zuwa Damagaram da tafkin Cadi. Daga 1906 zuwa 1908 aka kafa turakun iyakar. Bature ma da bindigarsa sai da ya bi inda guga yake.

To yanzu me ayari ke tararwa idan ya iso? Ƙidayar 2012 ta sami mutum sama da 570,000 a gundumar Magarya, da sama da 350,000 a ta Dungas, wadda aka cire daga jikin Magarya a 2011. Wannan na cikin yankunan da suka fi cunkoso a karkarar Nijar. Saura ta ƙare, daji ya zama gona, gona kuma an raba ta gado har ta koma kamar tabarma. Da can manomi ne ke roƙon Buzu ya sauka a gonarsa, ya kai masa tuwo da dare, wani lokaci har da damin gero, saboda takin da raƙuma za su bari. Har yanzu ana yin haka a wurare, amma lissafi ya juya. Kara da harawa sun zama kuɗi. Kafin a ce an saki gonaki, mai gona ya riga ya tattare karansa ya ɗaure, ya ɗora harawar wake a kan reshe ko a rufin ɗaki, domin yana da ragon layya a turke, in kuma ba shi da shi akwai mai saye ranar kasuwa. Sai baƙo ya iso ya tarar an saki gona, amma an share ta tas.

Shi kansa sakin gonakin rana gare shi, hukuma ke tsayar da ita kowace shekara bayan shawara da sarakuna da wakilan manoma da makiyaya. Wanda ya riga ranar, ya taka wake ko riɗin da ba a kwashe ba, ya shiga shari'ar ɓarna a gaban mai gari, a kama dabba sai an biya. Wanda ya makara kuwa garken Fulani sun riga shi. A kwarin Korama ma babu ranar saki, domin rake da rogo da kayan lambu suna nan kore duk rani, kuma daidai bakin tafkunan da dabba za ta sha ruwa ake shinge su.

A takarda, doka tana bayan mai tafiya. Kundin dokokin karkara na 1993 ya kafa hukumomin filaye da ake kira Kofo, tun daga gunduma har ƙauye, dokar kiwo ta 2010 kuma ta ce yawo da dabba haƙƙi ne na makiyayi, burtali da mashaya dukiyar kowa ce da ba a nomawa. An kuma kafa turakun siminti a burtali da dama a jihar Damagaram. Sai dai turke ba ya hana garma. Bana a ci taku biyu, baɗi a ƙara uku, har burtalin da garke ke bi a baje ya koma sai dai a jera dabbobi ɗaya bayan ɗaya. A arewa ma haka: dokar 1961 ta ja layin da noma ba zai tsallake ba, can wajen Tanut, amma gonaki sun daɗe da wuce shi, saboda haka matsin yakan fara tun a Damargu.

Abu guda ya zo wa raƙumi da sauƙi, shi ne gawo. Tun bayan farin 1984 manoman Magarya da Matamai da Mirya suka riƙa barin tsiron itatuwa a gonakinsu suna sassabe musu, har masu bincike suka ƙiyasta gawon ya rufe fili kusan kadada miliyan 1. Gawo kuwa bishiya ce mai saɓa wa 'yan uwanta: da damina take zubar da ganye, da rani take kore, ta yi 'ya'ya daidai lokacin da ayari ke nan. Raƙumi da dogon wuyansa ba ya bukatar tsani. Amma a nan ma an sami sabon rikici. Manomin da ya raini itace shekara 15 yana ganin nasa ne. Yaransa na bi da ƙugiya suna kakkaɓo 'ya'yan suna cika buhu a kai kasuwa. Baƙon da ya hau da gatari ya sassare rassa, kamar yadda kakansa ya saba, yanzu faɗa yake saye. Ana ba da labarin cewa Sarkin Damagaram Tanimu ya tsananta hukunci a kan mai sare gawo. Yau kowane mai gona ya zama Tanimun gonarsa.

Sai batun iyaka. Kasuwar dabbobi ta Maigatari, wadda ke ci ranar Alhamis, tana kusa da Dungas, kuma kantu abincin kasuwar dabbobi ne. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 aka rufe iyakar Nijar da Najeriya, ba a buɗe ba sai Maris 2024, wato ta cinye lokacin saukowar ayari na shekarar ɗungurungum. A Janairun 2025 Nijar ta kammala ficewa daga CEDEAO, ƙungiyar da ƙa'idarta ta 1998 ke ba makiyayi takardar ƙetare iyaka da dabbobinsa. A Mayun 2025 kuma gwamnati ta hana fitar da dabbobi gabanin babbar salla. Kowa ya san mutanen bakin iyaka suna da hanyoyinsu na cikin gona, amma abin da mai babur zai yi a ɓoye, mai raƙuma 30 ba zai iya ba. Ga kuma faɗuwar naira tun 2023, wadda ta sa gishirin da aka sayar a Kano ko Jigawa, in aka juya kuɗin zuwa sefa, sai ya ƙanƙance. Wannan duk yana ƙara sa ayari ya tsaya a Magarya da Dungas, inda wurin ya riga ya yi kaɗan.

Ban ce arewa lafiya lau take ba. Tawayen 1990 zuwa 1995 da na 2007 zuwa 2009 sun tsayar da ayari na wasu shekaru, na biyun kuma ya bar nakiyoyi a wasu hanyoyin Abzin. Zinariyar Jado da aka gano a 2014 ta cika hamadar da motoci da 'yan fashi, shi ya sa matafiya zuwa Dirku, kusa da Balma, ke jiran rakiyar soja daga Agadas. A Yunin 2024 'yan bindiga suka sace shugaban gundumar Balma kansa. Baƙi Turawa da a da suke biyan kuɗi su taka tare da ayari na mako biyu ko uku sun ɗauke ƙafa tun 2007, kuma sace wasu mata biyu, 'yar Ostiriya da 'yar Suwizalan, a cikin garin Agadas a 2025 ya ƙara toshe wannan ƙofa. Baƙo ba ya fita sai da izini da rakiya. Duk da haka madugu da raƙumansa ba su ne abin farautar ɗan fashi ba. Mai neman zinariya da Hilux ba ya ɓata harsashi a kan kantu.

Mota ce ta fi yi wa ayari illa, kuma ta daɗe tana yi. Jirgin ƙasa da ya iso Kano a 1911 ya kashe fataucin Tarabulus, ya bar na gishiri. Farin 1973 da na 1984 suka karkashe raƙuma, manyan motoci suka shigo gurbin. Yau su ke ɗaukar mafi yawan gishirin Balma, su sauke shi a Damagaram cikin kwanaki, tun ayari bai bar Abzin ba. Samarin Timiya da yawa sun koma noman albasa da lemo da injin ban-ruwa, ko sun tafi haƙar zinariya. Saurin mota kuwa yana da nasa farashi. A Oktoban 2013 aka tsinci gawarwaki 92 kusa da iyakar Aljeriya, galibi mata da yara daga Kance, maƙwabciyar Magarya, bayan motocinsu sun lalace. Dokar hana safarar baƙin haure ta 2015 ta sa direbobi kauce wa rijiyoyin da soja ke tsaro, har aka soke ta a Nuwamban 2023. Madugu ba ya kauce wa rijiya, kuma kowane zango nasa an auna shi da abin da salka za ta ɗauka.

Abin da ya rage wa mai raƙumi shi ne abin da mota ba ta iyawa. Ba ya sayen mai. Yana shiga ƙauyen da ba shi da hanya, ya fasa kantu ya sayar gutsure-gutsure, ya karɓi gero tiya-tiya a wajen matan gida maimakon kuɗi, ya bar bashi sai baɗi. Kuma yana da mai masauki, sau da yawa gidan da ubansa ya sauka. Irin wannan sabo shi ke sa a ce masa ga gonar can ba a kwashe karanta ba, ga rijiyar da za a bar shi ya ja ruwa bayan mata sun gama, ga gawon da ba za a yi magana ba in raƙumi ya miƙa wuya. Wanda ya zo ba shi da kowa a garin yakan kwana a gefen burtali, ya sayi harawa da kuɗin gishirinsa, da asuba ya ɗaura kaya ya ƙara gaba.