Taswirar Aljihu ta Jiragen Ƙarƙashin Ƙasa na Landan, 1933: Tsarinta da Harshenta

Wannan nazari ya shafi wata ƴar takarda da kamfanin jiragen ƙarƙashin ƙasa na birnin Landan ya rarraba wa matafiya kyauta a watan Janairu na shekarar 1933. Takarda ce mai ɗan kabri, mai ninki uku, wadda ke shiga aljihu. Waɗanda aka buga a karon farko ba su kasa 700,000 ba.

Layin farko na waɗannan jirage an buɗe shi tun 1863, sa'annan kamfanoni dabam-dabam suka yi ta ƙara nasu. Taswirorin da aka riƙa bugawa kafin 1933, har da na F. H. Stingemore, suna bin shimfiɗar gari kamar yadda take, kowane layi da lanƙwashe-lanƙwashensa. Sakamakon haka tashoshin tsakiyar birni suka cunkushe wuri guda, sunayensu na matsar juna, alhali kuwa na bayan gari sun warwatsu sun cinye fili. A 1931 wani mai zanen fasaha na kamfanin, Harry Beck, ya kawo wani tsari da ya zana a lokacinsa na kansa. Sashen yaɗa labarai ya ƙi shi da farko, don ana ganin ya yi nisa da abin da jama'a suka saba. Sai da ya sake gabatar da shi a 1932 aka yarda a gwada.

Hujjar Beck ita ce, mutumin da ke cikin rami ba ya ganin titi, ba ya ganin gini, saboda haka nisa da kusurwa ba su dame shi ba. Abin da yake buƙata shi ne ya san layin da zai hau, tashar da ke biye da wacce, da inda zai sauya jirgi. Bisa ga wannan sai ya miƙar da layukan: ko a tsaye, ko a kwance, ko a karkace bisa digiri 45. Ya buɗa tsakiyar birni, ya matse gefuna, ya kusan daidaita tazarar da ke tsakanin tashoshi. Kowace tasha ya yi mata ɗan gajeren tsinke a jikin layi, mahaɗa kuwa alama mai kusurwa huɗu da aka tsayar bisa tsininta, wadda aka maye da zobe a bugun baya. Daga cikin abubuwan da ke bisa doron ƙasa kogin Thames kaɗai ya bari. Ba shi ne ya fara miƙar da layin dogo bisa takarda ba, domin George Dow ya yi wa wani kamfanin jiragen ƙasa irin wannan a 1929, amma Beck ne ya haɗa layukan ƙarƙashin ƙasa duka cikin tsari ɗaya.

Ta fuskar harshe, abin lura na farko shi ne ƙarancin aikatau. Jikin taswirar kusan duka sunaye ne, rubuce da manyan baƙaƙe, a kwance, yadda ba sai an juya takarda ba. Aikin da jimla za ta yi, wato hau nan, sauka can, sauya a wuri kaza, layi da alama suka ɗauke shi. Cikakkun jimloli sai a bango, inda aka sanar cewa tsohuwar taswira ce aka yi wa sabon tsari, aka kuma nemi matafiya su aiko da ra'ayinsu ga shugaban sashen yaɗa labarai a ofishin 55 Broadway. Ba kasafai takardar hukuma ke magana da wannan murya ba. Galibi umurni take bayarwa. Ana iya karanta wannan roƙo a matsayin ladabi, ana kuma iya karanta shi a matsayin shakkar da ba ta gama barin zukatan shugabanni ba. Siffar baƙaƙen da kamfanin ke aiki da su ta Edward Johnston ce, wadda ya tsara a 1916 bisa buƙatar Frank Pick, baƙaƙe marasa ƙafa da ƙawa, masu karantuwa daga nesa.

Launi ma yana aikin kalma a nan, sai dai ma'anarsa yarjejeniya ce kawai. A bugun 1933 layin Bakerloo ja ne, na Central ruwan lemo. A 1934 Bakerloo ya koma ruwan ƙasa, Central ya karɓi ja, kuma haka suke har yanzu. Masu tsara takardu don sababbin makaranta za su lura cewa launi bai raba matafiyi da karatu ba. Yana nuna masa layi, amma tashar da zai sauka sai ya karanta sunanta, ko ya ƙirga tsinkaye.

Sauƙin yana da farashi. Tashoshin Bayswater da Queensway, wadda a lokacin ake kira Queen's Road, suna kan layuka dabam, kuma baƙo na iya shiga jirgi har da sauyi don tafiyar da ƙafa ke yi cikin ƴan mintoci. Matse gefuna kuwa ya sa unguwannin nesa, irin su Cockfosters da aka buɗe tasharta a Yulin 1933, suka yi kamar suna bakin ƙofar birni, abin da bai saɓa wa muradin kamfani mai neman fasinja ba.

Beck ya ci gaba da gyaran taswirar har 1960, lokacin da aka buga ta Harold Hutchison ba da saninsa ba. Ya rasu a 1974. A 2009 aka cire kogin Thames daga taswirar don rage cunkoso, jama'a suka yi ca, aka mayar da shi kafin shekarar ta ƙare.