Ciwon Damuwa A Tsakanin Maza: Alamomi, Dalilai Da Inda Za A Nemi Taimako A Sakkwato

Tun kana yaro ake gaya maka namiji ba ya kuka. Ka girma, cefane ya hau kanka, kuɗin makaranta, hidimar iyaye da ta ƙanne, kowa kai yake kallo. Idan aka tambaye ka, amsarka ɗaya ce: lafiya lau. Haƙuri hali ne mai kyau, amma akwai damuwar da ta wuce ta yau da kullum ta zama ciwo, kuma tana buƙatar magani kamar yadda hawan jini da ciwon suga suke buƙata.

Mene ne ciwon damuwa?

Ciwo ne da ke taɓa tunani, barci, cin abinci da kuzarin mutum. Kowa kan yi baƙin ciki idan ya yi rashi ko asara, sannan ya sake a hankali. Likita yana kiran abin ciwo ne idan ƙuncin zuciya ko rashin jin daɗin komai ya kai mako 2 ko fiye, kusan kullum, har yana hana ka aiki ko zaman lafiya da iyali. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin mutum miliyan 280 ke fama da shi a duniya. Mata sun fi kamuwa, amma cikin sama da mutum 700,000 da ke kashe kansu kowace shekara, maza sun ninka mata fiye da sau biyu. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne maza ba sa zuwa asibiti da wuri.

Yadda yake bayyana ga namiji

Ba lallai ka ga kana hawaye ba. Sau da yawa abin da za ka lura da shi su ne:

- saurin fushi, faɗa da uwargida ko dukan yara kan abin da bai taka kara ya karya ba
- farkawa tsakar dare barci ya ƙi dawowa, ko yawan barci ba hutawa
- ciwon kai, zafin kai, bugun zuciya, ko jin kamar wani abu na yawo a jiki, a yi gwaji ba a ga komai ba
- daina zuwa majalisa, ɗaurin aure ko kasuwa, da ƙin ɗaga waya
- raguwar sha'awar iyali
- mantuwa da kasa yanke shawara a wurin aiki
- jin ba ka da amfani, ko iyalinka za su fi samun sauƙi idan babu kai

Mutane da yawa sukan sha maganin zazzaɓin cizon sauro da na taifot sau da dama kafin a gano ainihin abin da ke damunsu.

Me ke jawo shi?

Galibi abubuwa ne ke haɗuwa. Akwai gado, idan wani a dangi ya taɓa yi. Akwai karayar jari, bashi, rashin aiki bayan gama karatu, mutuwar aure ko rashin haihuwa. Akwai ciwo mai daɗewa kamar suga, shanyewar ɓarin jiki ko sikila. Zafin Sakkwato daga Maris zuwa Mayu, lokacin da yakan haura digiri 40, yana hana barci, rashin barci kuma yana tsananta ciwon.

Idan kana cikin waɗanda rikicin 'yan bindiga ya raba da gidajensu a Sabon Birni, Isa ko Goronyo, ko an taɓa sace ka ko wani naka, kana iya fama da mugayen mafarkai, firgita da ƙaramin ƙara, da ganin abin yana dawo maka ido biyu. Wannan ciwon firgici ne da ke biyo bayan tashin hankali, kuma shi ma ana maganinsa.

Hattara da ƙwaya

Wasu kan nemi sauƙi a taramol, kodin, wiwi ko maganin barci na kemis. Sauƙin na ɗan lokaci ne. Jiki yana sabawa, adadin da kake sha yana ƙaruwa, damuwar ta dawo da ƙarfi. Taramol mai yawa yana jawo jijjiga irin ta farfaɗiya. A 2018 gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin saboda ɓarnar da yake yi wa matasa. Idan ka riga ka saba, kada ka yanke lokaci guda kai kaɗai, bari likita ya tsara maka.

Raunin imani ne?

A'a. Annabi (SAW) ya rasa Nana Khadija da Abu Ɗalib a shekara guda, har ana kiran shekarar da Shekarar Baƙin Ciki. Addu'a da zikiri suna ƙarfafa zuciya, ka riƙe su, ka haɗa da asibiti. Abin da za ka guje wa shi ne duk wurin da ake ɗaure mara lafiya da mari ko a doke shi da sunan magani. Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2023 ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta ba mara lafiya haƙƙin a mutunta shi, a kuma rufa masa sirri.

Ina za ka je?

Kana iya farawa daga asibitin da ya fi kusa da kai. A cikin birni akwai sashen lafiyar ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Akwai kuma Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware. Kada sunan Kware ya tsorata ka: mutane da yawa suna ganin likita ne su koma gida ranar, ba a kwantar da su.

Likita zai yi maka tambayoyi, ya auna jininka, wataƙila ya sa a gwada suga. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, don haka ka faɗi komai, har abin da kake sha da matsalar shimfiɗa. Magani iri biyu ne: tattaunawa da ƙwararre, da ƙwayoyi irin su fluoxetine ko amitriptyline. Sukan ɗauki mako 2 zuwa 6 kafin ka ji canji, kuma ana ci gaba da sha aƙalla wata 6 bayan samun sauƙi. Kada ka daina don ka ji garau, kada kuma ka saya da kanka.

Abin da za ka iya yi daga yau

Zaɓi mutum ɗaya da ka yarda da shi, amini, yaya ko limamin unguwa, ka gaya masa gaskiyar halin da kake ciki. Yi tafiyar ƙafa ta minti 30 bayan Asuba ko da yamma idan rana ta yi sanyi. Rage shayi mai ƙarfi da kallon waya da dare. Ka zauna da uwargida ku duba abin da ke shigowa da abin da ke fita, domin ɓoye mata bashi nauyi ne a kan nauyi. Ka tuna darajarka a gida ba ta tsaya kan abin da ke aljihunka ba.

Ga iyali

Ke uwargida, ko kai ɗan'uwa, kada ku ce masa "ka zama namiji mana". Ku saurare shi ba gori, ku raka shi asibiti. Idan ya fara maganar mutuwa, yana rabar da kayansa ko yana neman gafara ba dalili, ku tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Tambayar ba ta cusa masa tunanin. Ku kawar da fiya-fiya, maganin ƙwari, igiya da makami, kada ku bar shi shi kaɗai, ku kai shi sashen gaggawa na asibiti mafi kusa a ranar.